Rafi'u Mai Goro da Kanibon Layin Kaka

A Zangon Wagadugu na da, tun ba a tashi unguwar ba, an yi wani mutum Rafi'u mai goro. Gajere ne, baƙi, da ɗan gemu kamar an ɗiga masa da cokali. Sanyin jikinsa kuwa ya wuce misali. In ya fito gida zai tafi masallaci, sai ya gai da mai shayi, ya gai da mai faci, ya tambayi lafiyar akuyar maƙwabta, kafin ya isa liman ya kai raka'a ta biyu. Amma Allah ya ba shi hannu, kuma da hannun nan ya ci abinci shekara arba'in.

Daga wajen Tawa ya zo yana saurayi, bisa motar albasa, ya kama aiki a shagon Alhaji Aliyu Sani, wanda tun kakanninsa suke fataucin goro a garin nan. Shi goro a huhu yake zuwa, naɗe da ganye, kuma duk mai sayarwa ya san abin da ake yi: manya farare a sama, na ƙasa kuwa sai wanda ya gani. Mutane kan buɗe baki su duba, su ce madalla. Rafi'u ba ya ko kallon na sama. Sai ya naɗe hannun riga, ya rufe ido, ya zurma hannu har gwiwa, ya zaro ɗaya daga can gindi, ya fasa, ya sansana. In da tsutsa, a nan take.

Wata rana wani mai saye ya zo daga Dori, sun gama ciniki da Alhaji har an tafa. Rafi'u, ba wanda ya sa shi, ya zurma hannu a huhun maigidansa, ya zaro goro mai tsutsa, ya fasa a gaban baƙon. Alhaji ya yi kwana bakwai bai ce masa ci kanka ba. A na takwas ya miƙa masa makullin sito. Tani kuwa, 'yar Alhajin ta uku, wadda samarin Zango ke ratse hanya saboda bakinta, da ta ji labari sai ta ce wa uwarta, "Wanda bai ji tsoron Baba ba, shi ne zai iya zama da ni." Haka aka yi.

Tani mace ce mai tsintsiya. Kafin rana ta fito ta share gidanta, ta share ƙofar gida, ta ɗan ci iyakar maƙwabta don su ji kunya. In ana biki ko suna, ita ce ke raba wa mata aiki, ba wanda ya naɗa ta, ba kuma mai musa mata. Rigimarsu da mijinta guda ce tun suna amarci har suka yi jikoki: inda yake tofar da tukar goro.

A shekarar dubu biyu aka yi zaɓen 'yan majalisar gari, waɗanda ake ce wa konseye. Attajirai biyu na unguwa suka tashi za su cinye juna a kan kujerar. Dattawa suka gaji da sulhu, suka duba wanda ba shi da abokin faɗa, ido ya faɗa kan Rafi'u yana gyangyaɗi a bakin shago. Faransancinsa bai wuce wi da mersi ba. Amma Mosanci, yaren Mosawan garin, yana jin sa kamar a cikinsa aka yanke masa cibi, kuma da shi ya yi ta fama a meri, wato ofishin magajin gari na yankin.

Can aka raba su kwamiti-kwamiti. Masu boko suka yi rububin na kuɗi, aka tura Rafi'u na hanyoyi da magudanan ruwa da shara. Shugabansu Metir Boukari ne, tsohon malamin makaranta, Bamoshen unguwar Bilbalogho, dogo, da tabarau ɗaure da zare. Sun san juna shekara talatin, don kullum da safe sai Metir ya tsaya da tsohon ɗan babur ɗinsa mobilet ya sayi farin goro ɗaya, ya kushe shi, ya cinye.

Shi ya zaunar da Rafi'u ya yi masa bayani. "Alaji, magajin gari da ma'aikatansa su ke aiki. Mu namu bin sawu. In sun ce sun yi abu, mu kira injiniya mu tambaye shi, mu je mu gani da ido, mu rubuta rapor, wato rahoto. Ranar babban zama a karanta a gaban kowa, magajin gari ya ba da amsa. Ba mu kora, ba mu ɗauri. Tambaya kawai."

Rafi'u ya ce, "Wato su kawo huhu, mu duba."

"In haka ka gane, haka ne."

"To, ai sana'ata ce. Don me aka ce sai mai boko?"

Ya yi wata takwas yana zuwa zama bai ce uffan ba. Maganarsa ta farko a kan layin Kaka ce.

Kaka tsohuwa ce da ta haura tamanin, matar marigayi Kabo mai tufafi. Ɗakinta na ƙasa ne, a can gangaren layinsu Rafi'u, inda duk ruwan layin ke sauka. 'Ya'yanta sun yi gini na siminti a unguwar Dassasgho, sun zo da mota har sau uku su ɗauke ta, ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, daga shi kuma sai makabarta. Bara meri ta ba wani ɗan kwangila aikin kanibo a layin, wato magudanar ruwa ta siminti mai murafai a jere. Aiki ya yi kyau a ido, yara har tsere suke a kai. Sai dai tun da aka gama shi, ruwan wanka da na wanke-wanken layin duka, maimakon ya wuce babban titi, sai ya riƙa ɓullowa a gindin bangon Kaka. Ya taru ya yi baƙi, ya yi kore a gefe, yana cin bangon a hankali. Tsaga ta fito daga ƙasa har ta kai tsayin mutum. Wannan fa da rani ke nan. Kowa ya san in damina ta sauka a haka, ɗakin ba zai ga ruwa na uku ba, kuma kowa ya san Kaka tana ciki zai faɗi, don ba za ta fita ba.

Ga kuma lokaci ya matse. Ɗan kwangila shekara ɗaya ake riƙe da shi bayan gama aiki, ko wani abu zai ɓaci. Shekarar za ta cika ƙarshen watan Mayu. In kwamiti ya ce aiki lafiya, majalisa ta amince, an sallame shi ke nan, ba mai sake kiransa.

Aka kira injiniyan meri gaban kwamiti, wani matashi Salifu, mai fara'a da takalma masu ƙyalli. Ya baje takarda ya ce an yi aiki daidai da zane. "In ruwa na tsayawa," in ji shi, "to matan unguwa ne ke cusa shara a ciki. Ko'ina haka muke fama." Metir ya ce ba a gardama a kan abin da ido zai iya gani. Aka sa ranar ziyara, aka rubuta wasiƙa zuwa ga dattawan Zango, liman ya sanar bayan sallar Juma'a cewa manyan baƙi na tafe ranar Talata.

To, a nan ne Zango ta yi halinta. Mutanen Zango jikokin fatake ne, masu saukar baƙi tun kaka da kakanni. A wurinsu baƙo ya ga ƙazantar gidanka ya fi a zage ka a kasuwa ciwo. Ba wanda ya yi shawara da wani. Ranar Litinin Tani ta fito da tsintsiya, mata suka biyo ta. Aka kwashe ruwan nan da ƙwarya da tsofaffin kwanoni, aka zuba jar ƙasa amalanke biyu, aka daddaɓe. Aka yaɓe tsagar bango da sabon laka, aka rataya darduma a kai. Aka hana kowa zubar da ruwa sai baƙi sun tafi. Da yake inuwar darbejiya a ƙofar Kaka take, a nan aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru, daidai kan wurin da aka zo dubawa.

Shi gogan fa? Shi ya zaɓo goron da za a ba baƙi, da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Yana tsaye yana murmushi, yana jin daɗin yadda abokan aikinsa ke yaba unguwarsu. Aka sha zomkom, ruwan garin gero da Mosawa ke tarbar baƙo da shi, Tani ta sa masa citta da tsamiya har Madina, konseyen unguwar Gounghin mai sayar da atamfa, ta nemi ƙari sau biyu. Salifu ya bi kan murafai yana buga su da dunduniya. Aka fito da Kaka cikin farin mayafi, ana ta ƙanshin turare.

Metir ya durƙusa, ya kira ta yadda Mosawa ke kiran kaka, ya ce, "Yaaba, ina gajiya? Akwai wata damuwa?"

Kaka ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Sai godiya. Kun sha ruwa kuwa?"

Aka yi addu'a, aka watse. Kafin la'asar mata sun saki ruwan da suka tare kwana biyu, tafkin ya dawo har ya fi na da.

Ranar Litinin ta gaba kwamiti ya zauna. Sakatare ya karanta rapor da Faransanci, Metir yana juya wa Rafi'u. Layi tsaf. Ba a ga ruwa ba. Ba a ga tsaga ba. Jama'a na murna. Tsohuwar da aka ce tana cikin haɗari ta faɗa da bakinta cewa ba ta da damuwa.

Rafi'u ya dubi Metir. Ya ce, "Metir, wannan ƙarya ce."

"Wace ce ƙaryar a ciki? Nuna mini layi ɗaya in soke."

Ya sa aka sake karantawa. Babu ƙarya ko ɗaya. Abin da suka gani suka rubuta. Sai a lokacin ya gane cewa shi, Rafi'u, da ya shekara arba'in yana tona asirin masu jera farare a sama, shi ne ya tsaya da babbar riga yana jera su.

Ya ce a hankali, "Mu muka rufe. Kunya ce ta sa. Ku sake zuwa."

Wani konseye mai jakar hannu ya ce ba Zango kaɗai ce unguwa a garin nan ba, ga gadoji na jira, ga bola. Metir ya cire tabarau ya goge. Ya ce tun da rapor bai je gaban majalisa ba tukuna, kwamiti na da ikon komawa in mafi yawa sun yarda. Aka ce a ɗaga hannu. Uku suka ɗaga, uku suka ƙi, saura Madina tana gyara ɗaurin kallabi.

Ta ce, "Ni tsakani da Allah zomkom ɗin matarsa zan koma sha." Ta ɗaga.

Metir ya ce, "Alhamis, ƙarfe tara. Ba wasiƙa, ba liman. Alaji, in na ga tabarma ko ɗaya, rapor ya tafi yadda yake, kuma in koma sayen goro wajen wani."

Rafi'u ya ce, "Wa zai yarda ka kushe masa kaya kullum?"

Ya dawo gida da niyyar riƙe bakinsa. Kwana biyu ya riƙe. Ranar Laraba da hantsi ya tsaya wajen wanzami aka gyara masa gemu, ya shigo gida yana tambayar ko an wanke farar hularsa. Tani tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Gobe ne ko jibi?"

"Me fa?"

"Malam, gemun nan ba ya ganin aska sai Sallah ko baƙi. Sallah kuwa da saura."

Ya zauna a kan turmi. Ya faɗa mata duka, har da sharaɗin Metir. Ya ce, "Uwar Nabila, don Allah wannan karon ki ajiye tsintsiya. A bar ruwan su gani."

Ta ajiye faifai. "A bar me? Ruwan wankin tukunyata? Ruwan wankan jikokina? Mutanen Bilbalogho su zo su tsaya a kai suna toshe hanci, matar nan ta Gounghin ta kai labari kasuwa cewa matan Zango a cikin kwata suke kwana? Ubana ya sauki fatake ɗari a gidan nan, ba wanda ya taɓa ganin ko ɓawon gyaɗa a ƙofarsa."

"Ubanki na tona wa huhu a gaban baƙo, ya ba ni makulli."

"Huhunsa ka tona, ba zanen matarsa ba."

"Bangon zai faɗa wa tsohuwar nan."

"Na san da bango. Kafin ka zama konseye nake kai mata tuwo." Ta ɗauki faifanta. "Me injiniyan ya ce ranar da kuka kira shi? Faɗa mini daidai yadda ya faɗa."

Ya faɗa mata zancen shara. Ta dube shi, ta daɗe, ta ce, "Uhm."

Ya gangara wajen Kaka ko ita za ta taimake shi. Ya same ta a bakin ƙofa tana korar ƙuda da mafici. Ya durƙusa ya roƙe ta, in an tambaye ta gobe, ta faɗi gaskiya.

Ta ce, "Konseye, kai da aka ba kujera ba a ba ka hankali ba? Mutum ya tako ƙafa ya zo gidana, ya gaishe ni, in ce masa ba lafiya? Uwata ba ta koya mini haka ba. Kai da ka jawo su, kai ka faɗa."

Ranar Alhamis tun assalatu ya ɗauki kujera ya dasa a bakin tafkin, ya ce yau sai dai a share da shi. Aka kira salla. Ya dubi ruwa, ya dubi masallaci, ya ce raka'a biyu ce, yanzu zai dawo. Amma Rafi'u ne. Ya yi wuridi, ya gai da liman, ya gai da ladan, ya tsaya jin yadda ƙafar mai faci ta kwana. Da ya dawo, kujerarsa na nan inda ya bar ta, an ma goge ta. Ƙarƙashinta jar ƙasa ce a daddaɓe, da zanen tsintsiya a kai kamar an yi wa amarya lalle. Layin tun daga sama har ƙasa ko tsinke babu. Tabarma dai ba a shimfiɗa ba, darduma ba a rataya ba, sabon laka kuma ba a yaɓa ba. Amma ruwa, ko ɗigo.

Bai shiga gida ba. Ya zauna a kujerar da butarsa a hannu, har rana ta ɗaga.

Ƙarfe tara mobilet ɗin Metir ya shigo yana tari, sauran na biye, Salifu a ƙarshe. Metir ya dubi ƙasa, ya dubi abokinsa.

"Alaji, ina tekun?"

Rafi'u ya nuna tsagar bango da ta sake buɗewa. Salifu ya ce ginin ƙasa ne, tsufa ne, ba ruwan kanibo. Mai jakar hannu ya duba agogo. Metir ya durƙusa gaban Kaka, ya tambaye ta, ta ce lafiya lau, sai godiya.

Sai Rafi'u ya tashi. Ya bi layin har sama, inda bakin kanibon yake, kwamiti na biye da shi don ba su san abin da zai yi ba. Ya ce, "Magudana dai an yi ta don ruwa ya shiga nan ya fita can. To mu gani." Ya tuntsurar da butarsa a ciki. Ruwan alwala ɗaya. Ya jiƙa siminti tafin hannu biyu, ya tsaya, rana ta shanye shi suna kallo.

Mai jakar hannu ne ya fara dariya, sauran suka kama, har Madina ta rufe baki da gefen mayafi. Salifu ya ce, "Baba, ko za a ƙaro cokali ɗaya?"

Ana cikin dariyar ƙofar gidan Rafi'u ta buɗe. Tani ta fito da bokiti a ka, cikin zanenta na zuwa biki. Ba ta gai da kowa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zo ta juye shi a bakin kanibon, ta juya ta ɗaga murya: "Maimunatu! Khairat! Ku fito mana, ko sai na aiko da mota?"

Wanda bai zauna Wagadugu a watan Afrilu ba, ba zai san abin da aka yi a ranar ba. Lokacin ne famfo ke yin kwana biyu bai ce tak ba, mata na bin layi tun asuba, masu tura duro na yanga kamar 'ya'yan sarki. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi, da shi ake wanke kwano, sannan a ba tumaki. A irin wannan wata ne matan layin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da bokiti, da tulu, da baho, suna juye ruwa mai kyau, garai-garai, na sha, a cikin rami. Wata tana juyewa tana cewa, "Wayyo ruwana." Tani ta ce, "Juye, ba jininki ba ne." Daga baya wasu sun ce dariyar da aka yi wa mijinta ce ta tayar da ita. Amma mai tura duro ya ce tun ranar Laraba da azahar ta sa ya kawo mata duro uku, ta kuma bi gida-gida.

Ruwa ya shiga yana gudu, ana jin ƙararsa ƙarƙashin murafai. Metir ya aika mutum ɗaya ya tsaya a babban titi inda ya kamata ya fita. Sauran suka bi ƙarar suna gangarawa. Daidai ƙofar Kaka ƙarar ta tsaya. Sai jar ƙasar nan da aka daddaɓe ta fara duhu, ta kumbura, ruwa ya ɓullo ta haɗin murafai, fari tas, ya malale ya nufi gindin bango kamar ya san hanya. Ya bi ta kan takalman Salifu. Na babban titi ya ɗaga hannu ya ce ko ɗigo bai gani ba.

Tani ta tsaya gaban injiniyan, hannu a ƙugu. "Ɗana, duba da kyau. Ka ga shara? Ka ga ɓawon albasa? Ruwan da za mu sha ne. In akwai abin da ya toshe ramin nan, ba daga hannunmu ya fito ba."

Rafi'u ya ce a kawo ƙarfe. Aka aro wajen mai faci, maza huɗu suka ɗaga murfin da ke gaba da ƙofar Kaka. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya rufe ido don sabo, ya zurma hannu. Bai kai ko wuyan hannu ba ya taɓa ƙasa. Ƙasa ce mai tauri, wadda ba a taɓa sa mata diga ba, har da saiwar darbejiya kwance a ciki. Aka ɗaga na gaba, haka. Na gaba, haka. Taku ashirin da uku har titi, murafai ne kawai aka jera bisa ɗan kwarin da bai kai zurfin kwano ba.

Salifu ya tsaya da jiƙaƙƙun takalma, fuskarsa ta yi wani iri. Ya ce, "Wallahi na duba. Na ɗaga na farko, na ɗaga na tsakiya."

Rafi'u ya goge hannu ya ce, "Haka kowa ke yi, ɗana. Ɗan kwangilar ma ya san haka kowa ke yi."

Metir ya zauna a kujerar Rafi'u, ya ɗora takarda a gwiwa, ya rubuta sabon rapor a wurin, kowa ya sa hannu. Sai da aka gama sannan Tani ta gai da baƙi ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa, ta ce a yi haƙuri yau ba zomkom, ruwan ya tafi aikin gwamnati. Madina ta ce an cuce ta.

Ranar babban zama, da yake kowa na iya shiga ya saurara, matan layin suka cika bencin baya. Metir ya karanta. Magajin gari ya ce za a bincika. A nan Rafi'u ya ɗaga hannu, karo na farko a babban zauren, ya yi tambaya da Mosanci: kwana nawa binciken zai ci, kuma kwana nawa ya rage a sallami ɗan kwangila? Aka lissafa, aka ga na biyun ya fi kusa. Zaure ya yi guna-guni. Majalisa ta ƙi amincewa da sallamar, ta ce a dawo da mutumin ya haƙa abin da bai haƙa ba, kwamiti kuma ya koma ya gani kafin a rufe.

Ɗan kwangila ya dawo yana ƙunƙuni, da lebura shida. Rafi'u ya bar shago ya dasa kujera a kansu kwana goma sha ɗaya. Kafin a mayar da kowane murfi sai ya zurma hannu har kafaɗa. Leburori suka sa masa suna Duwan, wai ya fi masu binciken kaya a kan iyaka naci.

Ruwan farko ya sauka wata Asabar bayan azahar, irin mai zuwa da iska yana kwashe kwanon rufi. Rafi'u ya fito da buhu a ka ya gangara. Ya tarar Tani ta riga shi, tana tsaye a ƙofar Kaka, jiƙe sharkaf. Ruwan layin duka na ruri ƙarƙashin ƙafafunsu, yana wucewa titi. Gindin bango kuwa sai abin da ya zubo daga indararo.

Kaka na zaune daga ciki tana jan carbi. Ta leƙo ta ce, "Ku biyun nan lafiya? Kun zo kallon mutuwata ne? To ba yau ba. Ku shigo ko ku tafi, kuna tare mini haske."

A ɗakin ta cika, shekara guda da rabi bayan haka, a kan gadonta, bango na tsaye.

Ranar ruwan, suna komawa gida suna tsallake kwatami, Rafi'u ya ce, "Amma dai kin tsinka mini zuciya. Da kin bar ruwan tun farko, da ba a kai ga zubar da na sha ba."

Tani ta ce, "Da na bar shi, da sun tsaya daga nesa sun toshe hanci, yaron nan ya ce ga sharar da na faɗa muku, su rubuta matan Zango ƙazamai ne, su hau babur. Wa zai ɗaga murfi a cikin wannan baƙin ruwa? Kai ma sai ka yi tunani."

Suka kai ƙofar gida. Sannan ya ce, "To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai da gemunka ya gaya mini ranar zuwansu? Da kafin azahar mai faci ya sani." Ta matse bakin zane. "Kuma Malam, na ga inda ka tofar da goro ɗazu. Ruwan sama ba bawanka ba ne."